James Parkinson, Likitan Da Ya Gane Ciwo Daga Tafiyar Mutum

Ran 19 ga watan Yuli 1996, jama'a a ko'ina cikin duniya suka zuba wa telebijin ido, suka ga shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali ya fito a birnin Atlanta na ƙasar Amurka domin ya kunna wutar buɗe wasannin Olamfik. Mutumin da a dā ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya a fagen dambe, ran nan sai ga shi tsaye ƙiƙam, hannunsa na hagu yana ta karkarwa. Tun cikin 1984 likitoci suka shaida masa yana da ciwon da ake kira cutar Parkinson. Sunan ciwon dai ya game duniya, amma mai sunan kansa kaɗan ne suka san labarinsa.

Shi wannan Parkinson wani likitan unguwa ne a birnin Landan, wanda ya mutu fiye da shekara 200 da suka wuce. Bai yi ciwon ba, ba kuwa shi ya raɗa masa sunansa ba. Ba shi da na'ura, ba shi da ɗakin bincike. Abin da ya yi shi ne ya tsaya ya dubi yadda waɗansu tsofaffi suke tafiya a kan titi, ya rubuta abin da idonsa ya gani. Abin nan da ya kwatanta kuwa shi ne likitocin yanzu suke aunawa da kujera da agogo.

Asalinsa

An haifi James Parkinson ran 11 ga watan Afrilu 1755, a gida mai lamba 1 na dandalin Hoxton, cikin unguwar Shoreditch ta Landan. Ubansa John Parkinson mai haɗa magunguna ne, kuma likitan fiɗa. A zamanin nan irin waɗannan likitoci su ne na talakawa: su ne masu ɗaurin karaya, su tsaga ƙurji, su ba da magani, a kuma tashe su da tsakar dare in ciwo ya tsananta. James ya tashi a gindin ubansa yana koyon sana'ar, kamar yadda ɗan wanzami ke riƙe wa ubansa zabira. Cikin 1776 ya yi wata shida yana ƙarin sani a Asibitin Landan. Shekarar da ta biyo baya aka ba shi lambar azurfa, saboda farfaɗo da wani mutum da aka tarar ya rataye kansa.

Cikin 1784 ƙungiyar likitocin fiɗa ta Landan ta amince da shi, a cikin shekarar ne kuma ubansa ya mutu, sai gida da sana'a suka dawo hannunsa. Ya auri wata mace mai suna Mary Dale, suka haifi 'ya'ya, ɗaya daga cikinsu mai suna John ya gaje shi a aikin likita. Cikin 1785 ya riƙa zuwa sauraron laccocin babban malamin fiɗar nan John Hunter, yana rubuta duk abin da ya ji. Hunter mutum ne da ke horon almajiransa su duba da idonsu, su gwada, kada su dogara ga abin da aka faɗa a littafi kaɗai. Wannan horo ya zauna wa Parkinson har tsufansa.

Siyasa ta kusa ci da shi

Sa'ad da aka yi juyin mulki a Faransa cikin 1789, har aka fille wa sarkinta kai cikin 1793, hankalin masu mulkin Ingila ya tashi ƙwarai. A lokacin mutane ƙalilan ne, masu dukiya, ke da ikon jefa ƙuri'a. Parkinson kuwa kullum yana cikin gidajen matalauta, yana ganin yunwa da bashi da nauyin haraji. Saboda haka ya shiga ƙungiyoyin da ke neman a bai wa kowane namiji baligi ƙuri'a, a kuma gyara majalisar dokoki. Ya rubuta ƙasidu da dama na sukan gwamnati, waɗansu da sunan aro na Tsoho Hubert.

Cikin 1794 aka kama waɗansu abokansa na ƙungiya, aka ce wai sun ƙulla makircin harbin Sarki Joji na Uku da kibiya mai dafi daga cikin bindigar iska. Laifin cin amanar ƙasa ke nan, hukuncinsa kuwa kisa. Aka kira Parkinson gaban majalisar sarki, Firayim Minista William Pitt yana zaune a wurin. Ya ƙi ba da shaida sai da aka tabbatar masa ba za a tilasta shi ya faɗi abin da zai jefa kansa cikin laifi ba. Ba a tuhume shi da komi ba. Abokan nasa suka yi watanni a kurkuku, a ƙarshe ba wanda aka samu da laifi. Bayan 'yan shekaru ya janye jiki daga siyasa, ya mai da alƙalaminsa wajen lafiyar jama'a.

Ya rubuta littattafan gargaɗi ga iyalai da mutanen ƙauye a kan kiwon lafiya, da wani na yara a kan wasannin da ke jawo rauni. Cikin 1805 ya yi littafi a kan ciwon kumburin gaɓɓai wanda shi da ubansa suka yi fama da shi. Da ya ke ya daɗe yana duba majinyata a wani gidan masu taɓin hankali a Hoxton, cikin 1811 ya yi rubutu yana neman a gyara dokar irin waɗannan gidaje. Cikin 1812 shi da ɗansa John suka ba da rahoton wani yaro ɗan shekara biyar da ya mutu, suka nuna cewa ɗan tsiron nan na hanji ne ya ruɓe ya huje.

Mai tara duwatsu

Akwai wani abu da ya fi ba shi suna a zamaninsa, watau tara halittun dā da suka daskare suka zama dutse: ƙasusuwa, da haƙora, da ɓawon halittun teku, da ganyaye. Ya wallafa babban littafi a kansu kashi uku, cikin 1804 da 1808 da 1811. Ran 13 ga watan Nuwamba 1807 yana cikin mutum 13 da suka kafa ƙungiyar masana duwatsu ta Landan, wadda har yanzu tana nan.

Mai karatu zai ce me ya haɗa dutse da ciwo? Aikin mai tara duwatsu shi ne ya ɗauki gutsure nan, gutsure can, ya jera su, ya gane cewa duk na halitta ɗaya ne. Haka kuwa ya yi da ciwon karkarwa. Likitocin da suka gabace shi sun san rawar hannu, sun kuma san wata irin tafiya ta gaggawa da tsofaffi kan yi, amma sun ɗauke su ciwo biyu dabam dabam. Parkinson ne ya haɗa su ya ce ciwo ɗaya ne, yana da mafari, yana da hanyar da ya ke bi.

Mutum shida

Cikin 1817, yana da shekara 62, ya fitar da wani ɗan littafi mai shafi 66 mai suna An Essay on the Shaking Palsy, watau bayani a kan shanyewar jiki mai karkarwa. Labarin mutum shida ne kurum a ciki, dukansu maza. Uku daga ciki ya duba su a matsayin likita. Biyu a kan titi ya gamu da su, ya tsai da su ya yi musu tambayoyi. Ɗaya kuwa daga nesa ya hango shi, ko magana ba su yi ba.

Na farko mai aikin lambu ne. Na biyu ɗan shekara 62, wanda ya yi aiki a ofishin alƙali, a kan yatsun ƙafa ya ke tafiya, ba don sandarsa ba da kowane taki sai ya faɗi. Na uku tsohon matuƙin jirgin ruwa ne, ƙaƙƙarfa, ɗan shekara kamar 65, wanda ya ɗora laifin ciwonsa a kan watannin da ya yi yana kwana a ƙasa mai danshi cikin kurkukun Sifen. Shi wannan ya ranƙwafa har ba ya iya tafiya sai gudu, bayan taki biyar ko shida sai ya doka sandarsa a ƙasa da ƙarfi don ya miƙe.

Wanda aka hango daga nesa shi ya fi ban tausayi. Baransa yakan tsaya a gabansa ya dafa kafaɗunsa biyu, shi kuwa yana ɗan lilo gaba da baya har ya sami daidaito. Sa'an nan sai ya ba da izini, baran ya kauce ya ruga gaba, maigidan ya taho da gudu kamar taki 20, baran ya tare shi kafin ya kifa. Na shida kuwa ɗan shekara 72 ne. Parkinson ya tambaye shi ko yana jin tsoro in ya ga ɗan tsakuwa a kan hanyarsa, ya amsa da cewa ƙwarai kuwa. Matarsa ta ƙara da cewa a ganinta ko allura ce a tsakar ɗaki, tsallake ta aiki ne a wurinsa.

Daga waɗannan mutane ya tsara yadda ciwon ke tafiya. Yakan fara a hankali, har mai shi ba ya iya tuna ranar da ya soma. Hannu ɗaya ke fara rawa, musamman sa'ad da ya ke a ajiye ba ya aikin komi, daga baya ɗayan ya kama. Sannu a hankali sai mutum ya fara ranƙwafawa, ƙafafu su yi nauyi, tafiyar da dā ba ya ko tunaninta ta zama sai ya sa hankali. Nauyin jiki yakan rinjaya gaba, sai ya riƙa gajerun taku da sauri sauri yana bin nauyin nasa don kada ya faɗi. Rubutu ya gagara, kai loma baki ya yi wuya, barci ya lalace, ciki ya ɗaure, miyau ya riƙa zuba.

Ba komi ya dace da shi ba. Ya ce ciwon ba ya taɓa hankali, alhali yanzu an san waɗansu majinyata sukan sami mantuwa da baƙin ciki bayan shekaru. Ya zaci tushen ciwon a saman lakar gadon baya ya ke, wajen ƙeya, saboda haka ya ba da shawarar a fid da jini daga wuya, kusan irin ƙahon wanzamai. Wannan bai warkar da kowa ba. Amma shi da kansa ya bayyana cewa zato ya ke yi, tun da bai taɓa buɗe gawar mai ciwon ba, ya kuma roƙi masana ƙirar jiki su ɗauki binciken daga inda ya tsaya.

Mutuwarsa da abin da ya biyo baya

Cikin 1823 ƙungiyar likitocin fiɗa ta ba shi lambar zinariya ta girmamawa. Ran 21 ga watan Disamba 1824 ya mutu yana da shekara 69, bayan ɓarin jikinsa ya shanye. Aka binne shi a majami'ar Saint Leonard ta Shoreditch, inda aka yi masa baftisma, inda kuma aka ɗaura aurensa. Ba a san ainihin inda kabarinsa ya ke ba yanzu, ba kuma wani hotonsa da aka tabbatar.

Ɗan littafin nan ya yi shekaru da yawa ba a kula da shi sosai ba. Sai bayan kamar shekara 50 wani babban likitan jijiyoyi na birnin Paris, Jean-Martin Charcot, ya sake nazarin ciwon. Ya nuna cewa ba rashin ƙarfi ba ne na gaske, sanƙarewar tsoka ce da nawar motsi, kuma ba kowane majinyaci ne ke karkarwa ba. Don haka ya ga tsohon sunan bai dace ba, ya kira shi cutar Parkinson. Cikin 1919 aka gano cewa wani ɗan baƙin wuri ne a can cikin ƙwaƙwalwa ke lalacewa. Cikin 1960 aka nuna cewa wani sinadari mai suna dofamin, wanda ke sa motsi ya tafi sumul, shi ke ƙaranci a ƙwaƙwalwar majinyatan. Cikin 1967 likita George Cotzias na Amurka ya nuna yadda za a ba da maganin lebodofa ta baki har ya yi aiki. Har yanzu shi ne babban maganin ciwon. Yana sassauta shi ƙwarai, amma ba ya warkar da shi, kuma ya fi taimaka wa nawar jiki da sanƙarewa bisa ga rashin daidaito.

Yadda ake auna tafiya da tsayuwa

Da magani ya samu, sai aka bukaci ma'auni. Likita ba zai ce majinyaci ya ji sauƙi da ka kawai ba, sai ya san daga ina zuwa ina. Abin da ake gudu kuwa faɗuwa ce, domin tsohon da ya faɗi ya karya ƙugu sau da yawa ba ya sake komawa yadda ya ke.

Cikin 1967 likitoci biyu na birnin New York, Margaret Hoehn da Melvin Yahr, suka kasa ciwon hawa biyar. Hawa na 1, ɓari ɗaya ne ya kamu. Na 2, ɓari biyu, amma tsayuwa lafiya lau. Na 3, daidaito ya fara taɓuwa, ko da ya ke mutum yana iya hidimar kansa. Na 4, ciwo ya yi nauyi, amma yana iya tsayawa ko takawa ba tare da an riƙe shi ba. Na 5, sai keken guragu ko gado, in ba an tallafe shi ba. Mai lura zai ga daga hawa na uku zuwa sama duk maganar ƙafa ce, ba ta rawar hannu ba.

Abin da ke raba hawa na biyu da na uku shi ne gwajin fizga. Likita yakan tsaya bayan majinyaci, ya gaya masa abin da zai yi, sa'an nan ya fizgi kafaɗunsa baya da sauri. Mai lafiya da taki ɗaya ko biyu zai tsaya. Wanda ya yi uku ko fiye, ko ya tafi luu sai an tare shi, to, daidaitonsa ya taɓu. Wannan gwaji yana cikin babban ma'aunin ciwon da aka tsara cikin 1987, aka sabunta cikin 2008. Aikin wanda ya koya ne, ba abin gwadawa a gida ba ne.

Akwai kuma gwajin tashi ka tafi, wanda aka tsara da agogo a ƙasar Kanada cikin 1991. Majinyaci zai tashi daga kujera, ya yi tafiyar mita 3, watau kamar ƙafa goma, ya juyo, ya dawo ya zauna, ana ƙirga sakan. Tsoho mai lafiya yakan gama cikin kamar sakan 10. Wanda ya haura 12 sai a fara lura da shi saboda faɗuwa. Wani lokaci akan sa shi ya riƙa ƙirge da baya baya yana tafiyar, domin a ga ko ƙafa za ta rikice in hankali ya rabu biyu. Wannan shi ne abin da Parkinson ya lura da shi, cewa tafiya takan koma abin da sai an sa mata hankali.

Ma'aunin Katherine Berg na 1989 ayyuka 14 ne, kowanne da maki daga 0 zuwa 4, jimla 56. A ciki akwai tsayuwa da ido a rufe, da ɗaukar abu daga ƙasa, da juyawa zagaye guda, da miƙa hannu gaba, da tsayuwa da ƙafa ɗaya. Akan kuma auna saurin tafiyar mita 10, da nisan da mutum zai ci cikin minti 6. Sai kuma abin da ake kira kafewar ƙafa, inda majinyaci zai ji kamar an manne tafin ƙafarsa da ƙasa, musamman a bakin ƙofa ko wajen juyawa. Da ya ke wannan ba safai ya ke faruwa a gaban likita ba, cikin 2000 aka tsara waɗansu tambayoyi da ake yi wa majinyaci a kansa. A manyan asibitoci yanzu har ana ɗaura wa mutum 'yar na'ura a ƙugu ko idon sawu, tana ƙirga takunsa yini guda. Duk da haka yawancin gwaje gwajen ba su bukatar komi sai kujera, da agogo, da ido mai lura.

Abin da ya rage ga na kusa

Ciwon nan ba na Turawa kaɗai ba ne, akwai shi a Nijeriya. A Sabon Ibadan ko Agege ko Idi Araba, dattijon da ya bar iyalinsa a Arewa, abokan kwanansa da maƙwabtansa na kasuwa su ne danginsa, su ne kuwa za su fara ganin tafiyarsa ta sake. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: taku ya gajarta, ƙafa tana jan ƙasa, hannu ɗaya ya daina lilo in yana tafiya, juyawa sai da taku da yawa, tashi daga sujada ya zama aiki, murya ta yi ƙasa. Sau da yawa akan ce tsufa ne, ko sammu, ko iska. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba a ɗaukarsa ta wurin cin abinci tare ko musafaha. Ba kuma kowace rawar hannu ce cutar Parkinson ba, likita ne zai bambance. Asibitocin koyarwa na Legas da Ibadan suna da likitocin jijiyoyi da masu gashin ƙashi da motsa jiki.

Wanda zai raka majinyaci ya tafi da labari sosai: sau nawa ya faɗi cikin watannin baya, a ina, yana yin me, a wane wuri ƙafarsa ke kafewa, da wane lokaci bayan shan magani. A gida kuwa a kawar da gefen tabarma da ke naɗewa, a sa fitila a hanyar bayi, a guji silifas mai santsi. In ƙafa ta kafe kada a ja shi, ƙirga masa ɗaya, biyu, ko shata masa layi a ƙasa ya tsallake, yakan sa ta saki. Motsa jiki kullum yana taimakawa ƙwarai.

Tun daga 1997 ake tunawa da wannan ciwo a duniya kowace ran 11 ga watan Afrilu, ranar haihuwar James Parkinson. A dandalin Hoxton an kafa allo mai ɗauke da sunansa a jikin ginin da ke wurin da gidansa ya ke dā. Mutum dubu nawa suka wuce tsohon matuƙin jirgin nan da sandarsa a titin Landan, Allah kaɗai ya sani. Ɗaya ne ya tsaya ya tambaye shi yaushe abin ya fara.